Safar da na hana ki sawa

Da sunan Allah mai rahama mai jin ƙai.

Zuwa ga ɗiyata Balkisa, wadda nake kira Uwata saboda sunan mahaifiyata da take ɗauke da shi.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta iske ki cikin ƙoshin lafiya. Allah ya tsare ki a baƙon gari, ya haɗa ki da mutanen kirki a can Agadas, ya sa hannunki ya zama sanadin sauƙi ga duk wanda kika taɓa. Innarki tana gaishe ki. Mushe Haruna, maƙwabcinmu, tsohon malamin lakwal, wato makarantar boko, shi ke riƙe da alƙalami, ni ke magana. Na ce mishi duk abin da ya fito bakina ya sa shi yadda ya fito, kada ya gyara mini, don na san halin 'yan boko, sai ka ce tuwo su rubuta abinci.

Ba labarin gida zan ba ki ba. Tun shekaranjiya sau biyu na kira ki a waya. Na tambaye ki zafin garin, na tambaye ki ruwan sha, na tambaye ki ko ana samun gero mai kyau, har wayar ta yanke, abin da na kira dominsa bai fito ba. Ga shi yau zai fito.

Shekaranjiya babbarku ta gidan likitan nan da kika bari, wadda kuke kira Majo, ta faɗa mini maganar da ta hana ni cin tuwo. Ta ce shekara biyu ke nan kina aiki a tsaye babu safar nan mai matse ƙafa, ƙafafunki suna kumbura, jijiyoyi sun fara fitowa, kuma abin da ya hana ki sawa kalma ce da ni na faɗa. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Uwata, wallahi tallahi na manta na faɗe ta. Kalmar da kika ɗauka a kai shekara biyu, ni ko kwana biyu ba ta yi a kaina ba.

Sai da na zauna na yi ta tono kafin ranar ta dawo mini. Bazara ce, ana zafin da ko ƙadangare ba ya ratsa tsakar gida. Ina zaune a zaure da baffanki Ilu da wasu mutum biyu da suka zo daga Jiratawa kan maganar ruwa. Raina a ɓace yake, don kin san Ilu, tun da ya karɓe gefen garkar albasa da ke kusa da rijiya ya bar mini tudu, ban taɓa zama da shi na tashi da daɗin rai ba. Sai ga ki kin sauko daga kabu-kabu, zanenki ya ɗan ɗaga, na ga wata baƙar safa ta kama ƙafarki tam tun daga yatsu har gwiwa. Ilu ya yi dariya ya ce, “Yaya, ashe ɗiyar taka ƙwallo take bugawa a asibitin?” Baƙin suka kwashe da dariya. Kika durƙusa kika gaishe mu, kika ce, “Baba, ta aiki ce, tana taimakon jini.”

Na ce, “Jinin wa? Abin da ya shaƙe ƙafa shi zai taimaki jini? Kwaikwayon Nasara ne kawai. Cire ta. In kika sake sa ta, ban yafe ba.”

Haka na ce. Mushe ya ɗaga kai ya dube ni da na maimaita, na ce rubuta, ai ni na faɗa. Ba ke nake jin haushi ba a ranar, dariyar Ilu ce ta ƙone ni, na rasa inda zan juye sai kanki. Ko “a gidan nan” ban ƙara ba, da kin samu ƙofa kin riƙa sawa a wurin aiki. Na rufe ko'ina da kalma uku na tashi na tafi sallar la'asar. To ki ji abin da zan gaya miki, ki riƙe shi har ki tsufa. In babba ya yanke miki hukunci yana cikin fushi, kuma a gaban mutane, ki yi shiru a lokacin, wannan ladabi ne. Amma ki komo mishi in ya huce, in yana shi kaɗai, ki ce, “Maganar jiya tana nan?” Da kin yi mini haka da na ce wace magana. A nan ina da ƙorafi a kanki, kuma ba zan ɓoye ba. Biyayyar da za ta ci miki ƙafa ba ta burge ni ba, tsoro ta ba ni.

Kada ki ce haka kawai na ƙi safar, ina da dalili, ko da yake dalilin ya tashi a banza. Ina saurayi a Tsibiri, muna noman gero, maciji ya sari wani abokina Ɗan Jimma a ƙafa. Ni da hannuna na yanko robar cikin tayar keke na ɗaure mishi ƙasan gwiwa, na ja iya ƙarfina don kada dafi ya hau. Muka bar ta tun hantsi har washegari. Da aka kwance ƙafar ta yi baƙi ƙirin, ta yi sanyi kamar randa. Ɗan Jimma ya rayu, ƙafar ba ta rayu ba. Shekara hamsin ina ganinsa da sanda a kasuwar Tsibiri, kuma kullum sai ya gaishe ni da fara'a, abin da ya fi zagi ciwo. Tun daga ranar na yanke cewa duk abin da ya matse ƙafa kashe ta yake yi. Abu guda na gani da idona, na mai da shi dukan ilimi. Ke da kika yi shekaru kina karatun jikin ɗan Adam, ban ba ki ko numfashi biyu ki yi mini bayani ba. A aikinki za ki haɗu da tsofaffi irina da yawa, masu ƙin magani kamar an ce su sha wuta. Kada ki ce jahilci ne ki wuce. Ki tambaye su abin da suka taɓa gani. Kowane mai taurin kai akwai wani Ɗan Jimma a bayansa.

Yanzu ga wadda ta fi kunya. Mushe ya ce wannan a bar ta, na ce ba shi ya aikata ba, ya rubuta.

Kin tuna kafin ranar zaure da 'yan kwanaki kin auna ƙafata da safe, kin kawo mini irin safar, ruwan ƙasa, kin ce in riƙa sawa in zan tafi garka? Kin tuna da kika tambaye ni na ce ɓera ya cinye ta? Babu ɓeran da ya taɓa ta. Garka na kai ta, can Jiratawa. Ragar bakin tiyon injin ban-ruwa ta yage, yashi da ciyayi suna shiga suna toshe mini inji. Na duba safar nan, na ja ta na ga ƙarfinta, na ce kai, wannan ai an yi ta don bakin tiyo. Na zura ta, ta kama cif kamar an auna. Wata huɗu tana tace mini ruwa, da ta mutu na sa 'yar'uwarta. Har yabonta na yi a gaban manoma, na ce ɗiyata ce ta kawo mini daga asibiti. Albasa ta sha ruwa mai kyau a shekarar, ƙafata kuwa tana ta lalacewa a cikin wando. Saboda haka in majinyaci ya ce miki yana shan magani, ko yana sa abin da kika ba shi, ki ce ya nuna miki. Mahaifinki ma ya dubi idonki ya yi miki ƙarya, balle wani.

Ita ƙafar tawa kin san ƙarshenta, amma ba ki san farkonta ba. Shekara arba'in ina tsaye a bakin fangali ina juya ruwa, tun ana ja da guga har inji ya zo. Jijiyoyin sha-raɓata suka fito ruɗu-ruɗu, suka murɗe kamar igiyar rijiya. Da yamma ƙafar ta yi nauyi kamar na ɗaura mata turmi. Na ce gado ne, haka na ga ƙafar mahaifiyata, ita da ta ƙare rayuwarta a tsaye kan kaskon ƙosai. Da fatar idon sawu ta fara baƙi tana ƙaiƙayi, ina da ma'aikaciyar jinya a cikin gidana, ɗaki yana kallon ɗaki, amma na hau kabu-kabu na tafi Tsibiri wajen wani wanzami. Ya duba ya ce mataccen jini ne, a fitar da shi. Ya tsaga, ya kafa ƙaho. Jini ya yi ta zuba har shi kansa ya tsorata. Har gobe ban huce da mutumin nan ba, ko da yake ba shi ya aiko a kira ni ba, ni na kai kaina. Tsagar ba ta rufe ba, ta zama gyambo. Na ɓoye shi wata uku da tsumma da toka, sai da wari ya tona ni wajen innarki. Kika riƙa durƙusawa kina wanke shi kullum kafin ki tafi aiki, ba ki taɓa ce mini “da ka sa safa” ba. Ni kuma ina zaune a kujera, ƙafata a kan cinyarki, ban taɓa sunkuyar da kai na dubi taki ba. Wannan shi ne abin da ya fi ɗaure mini kai. Ƙafarki tana gabana kullum safiya, taku ɗaya tsakani. Ina idona yake?

Da aka tura ki Agadas, kuma har yanzu ban gane dalilin da 'ya'yan Alhazai ke zama cikin Maraɗi a tura ɗiyar mai garka bakin hamada ba, amma bar wannan, da kika tafi dole na kai ƙafata gidan likitan da kika bari. Ban taɓa shiga wurin aikinki ba sai ran nan. Na isa da hantsi, aka ba ni benci, ban samu shiga ba sai bayan azahar. Da farko ina ta masifa a raina, ina cewa sun ga tsoho sun raina. Da na gaji da masifa sai na fara kallo. Uwata, ashe haka kuke? Ni na ɗauka aikin likita zama ne a kujera ƙarƙashin fanka, a rubuta takarda a miƙa. Mata uku na gani da farar riga, tun da na zauna har na tashi babu wadda ta ɗora mazaunanta a kan wani abu. Wannan ta tsaya kan mai ƙarin ruwa, waccan ta tsaya tana yi wa jarirai allura, uwa bayan uwa, layi har bakin ƙofa. Ɗaya a tsaye ta sha ruwa, a tsaye ta ci ƙuli-ƙuli biyu, aka kira ta ta ruga. Ni da nake taƙama da tsayuwar garka, ai ni ina zama gindin mangwaro in rana ta take. Na ce subhanallahi, shekara nawa yarinyar nan tana wannan, ta dawo gida in ce ta kawo mini ruwan alwala.

Da aka kira ni, Majo ce da kanta. Mace ce mai jiki, ta kai hamsin, Bazabarma. Tana ganin tsagar Gobir a fuskata ta tafa hannu ta ce, “A'a, yau bawana ne ya kawo kansa? Shigo, Bagobiri, hau gado.”

Na ce, “Bazabarma dai ba ta taɓa mallakar ko akuya ba, balle Bagobiri. Yi aikinki.”

Kin san wasan da ke tsakaninmu da su, abin da ta faɗa mini ko gwamna bai isa ya faɗa ba, kuma ba ni da ikon yin fushi. Ta kwance ƙafar, ta duba, ta danna bayan sawuna da yatsa tana neman bugun jini, ta ce yana bugawa da kyau. Sai ta dubi takardata ta ga suna. Fara'ar ta ɗauke daga fuskarta.

Ta ce, “Kai ne Sanda mahaifin Balkisa?”

Na ce ni ne, ina jiran yabo.

Ta ce, “Na daɗe ina son in ga mutumin da bai yafe ba.”

Na ce, “Wa ban yafe wa ba?”

Ta ajiye almakashi. Ta ce, “Au, tambaya ma kake? Yarinyar nan in azahar ta yi takalminta ba ya shigarta, sai ta take bayansa ta riƙa ja. In ta samu minti biyar, ɗakin ajiyar magani take shiga ta kwanta a ƙasa ta ɗora ƙafafu kan kwali. Na danna ƙwaurinta da yatsa, ramin ya zauna kamar a cikin ƙullu. Na yi faɗa, na yi lallashi, har tawa na ɗauko na ba ta. Ta ce, ‘Majo, ki yi haƙuri, Babana ya ce in na sake sawa bai yafe ba.’ Na ce ki sa a nan ki cire kafin ki koma, wa zai gani? Ta ce Allah zai gani.”

Na ce, “Ni? Yaushe?” Ta yi tsammanin wasan Gobir ne. Da ta ga da gaske ban tuna ba, sai ita ma ta riƙe baki.

Duk da haka taurin kaina bai sake ni ba. Na ce, “To ai gaskiya na faɗa, abin da ya matse ƙafa kashe ta yake,” na ba ta labarin Ɗan Jimma. Ta tambaye ni sana'ata, na ce noman garka a Jiratawa.

Ta ce, “Kana da inji?”

Na ce ina da shi.

Ta ce, “Mene ne a gindin tiyon da ke cikin rijiya?”

Na ce, “Kilafe.” Ke ba ki san shi ba, don ba ki taɓa son garka ba. Ɗan murfin roba ne, in ruwa zai hau ya buɗe, in zai komo ƙasa ya rufe.

Ta ce, “In bakin tiyon ya saki ya yi faɗi, murfin bai kai ya rufe ba fa?”

Na ce, “Ruwa ya koma rijiya, inji ya yi ta kuka a banza.”

“Sai ka yi yaya?”

“In naɗe wurin da roba in matse shi har murfin ya zauna.”

Ta ce, “To kai da bakinka. Jijiyar da ke mai da jini sama daga ƙafa, Allah ya jera mata kilafe tun daga idon sawu har cinya. Tafiya ita ce injin, in naman sha-raɓa ya motsa sai ya tura jinin. Mai tsayuwa wuri ɗaya injinsa a kashe yake, jini ya taru a ƙasa, jijiya ta buɗe, murfi ya kasa rufewa. Safar nan naɗin roba ce. Abin da ka yi wa abokinka, wuri ɗaya ka shaƙe ka tare hanya gaba ɗaya. Ita kuwa duk ƙafar take riƙewa, ta fi kamawa a idon sawu, tana sassautawa tana hawa, don ta kora jinin sama. Ka san wannan a kan tiyo shekara da shekaru, a kan ɗiyarka ne ba ka sani ba.”

Sannan ta ɗaga zanenta kaɗan ta nuna mini. Tana sanye da ita, da zafin nan. Ta naɗe ta ƙasa, na ga abin da ke ciki. Kai! Jijiyoyi shuɗɗa sun yi dunƙule-dunƙule, ga tabon tsohon gyambo daidai inda nawa yake. Ta ce, “Ni ban samu wanda ya gaya mini da wuri ba, sai da na haifi na huɗu na fara sawa. Ba ta mai da ƙafa sabuwa, amma tun da na riƙe ta nake kai yamma ba nauyi, ba kumburi, kuma ramin nan bai sake buɗewa ba. Balkisa tana da sauran lokaci. Nata yanzu suka fara, sirara ne a bayan gwiwa. Amma ga gado, ga tsayuwa, in ciki ya zo nan gaba ya ƙaru a kai. In aka bar ta haka, ƙafarka ce za ta gada tun ba ta yi arba'in ba.”

Ban san lokacin da na gaya mata maganar tiyo da safar da kika saya mini ba. Ta yi salati, ta kira sauran biyun ta ce, “Ku zo ku ga Bagobirin da ya sa wa inji safa ya bar ƙafarsa tsirara.” Suka yi dariya har da riƙe ciki. Ni ban yi ba. Ta naɗe mini ƙafar da bandeji mai matsi tun daga yatsu har gwiwa, ta ce in gyambon ya rufe ni ma safa zan koma, har ƙarshen rai. Na bar ta ta naɗe. Kwana biyu ke nan, ƙafar ba ta yi baƙi ba, ba ta yi sanyi ba. Jiya na taka har masallacin Juma'a ban nemi inda zan zauna ba.

Da na dawo gida na tsare innarki na ce, “Ke kin san da wannan?” Ko tankaɗen da take yi ba ta ajiye ba. Ta ce, “Wa ke dafa mata ruwan da take gasa ƙafa? Sau biyu na ɗauko maka maganar. Na farko ka ce in bar ka da shirmen mata. Na biyu ka ce kana sauraron rediyo.” Na so in yi faɗa, sai na tuna gaskiya ta faɗa. Ita ma ina da ƙorafi a kanta, da ta yi na uku. Amma na sani da ta yi, da na ce wani abu ne daban. In Allah ya ba ki miji mai irin kaina, Allah ya kiyaye, kada ki tsaya a na biyu.

Jiya da hantsi na tafi farmasi na ce a ba ni safar likita ta mace. Mai shagon ya ce wane awo. Na ce yarinya ce madaidaiciya, ba ta kai innarta jiki ba. Ya ce ba a sayar da ita da ka, in ta yi sako-sako ba ta aiki, in ta yi ƙanƙanta ta cuce ta, sai an auna kaurin idon sawu, da kaurin sha-raɓa, da tsawo daga diddige zuwa ƙasan gwiwa, kuma da safe kafin ƙafa ta kumbura. Na fara yi mishi gardama, sai na ji muryata irin ta ranar zaure, na bar gardamar. Sau ɗaya na yanke wa ƙafarki hukunci ban auna ba, ya isa.

Shi ya sa za ki ga ɗan ƙunshi tare da takardar nan. Ba safa ba ce, igiyar awo ce ta tela, sabuwa, na saya a kasuwa. Ki auna da asuba ki aiko da lambobin uku a wayar Mushe, don ni ko kin aiko ba zan gane su ba. In ana samun safar a can, ki saya yau, kada ki jira tawa, tawa ta zama ta canji. Na san kin fi ni sanin sauran, amma uba ne ni, sai na faɗa. Ki sa ta tun kafin ki sauko daga gado. Kada ki naɗe bakinta a ƙasan gwiwa, in kin naɗe ta koma robar Ɗan Jimma. Ki cire in za ki kwanta. Ki wanke da hannu ki shanya a inuwa, ranar Agadas za ta cinye ƙarfinta. In kina tsaye kan majinyaci ki riƙa ɗaga diddige kina saukewa, injin ya riƙa aiki. In ƙafa ɗaya ta kumbura farat ɗaya tana zafi, wannan ba na safa ba ne, ki nemi lokotoro, babban likita, a ranar. Kuma kada ki bai wa kowane tsoho irinta sai an duba bugun jininsa yadda aka duba nawa, Majo ta ce akwai waɗanda take cutarwa. In wani ya yi miki dariya ya ce kina buga ƙwallo, ki ce e.

Saura babbar. A gaban mutane na ɗaure ki, saboda haka ban yarda in kwance ki a ɓoye ba. Yau da safe na aika aka kira Ilu, shekara biyu rabon da in aika mishi. Ya zo yana tsammanin maganar garka ce. Na zaunar da shi a zauren nan, ga Mushe, ga liman na unguwa, innarki tana bayan ƙofa tana ji. Na ce, ku shaida, kalmar da na faɗa wa Balkisa a kan safa na janye ta. Babu komai tsakanina da ita sai yafiya, duniya da lahira, abin da ya wuce da abin da ke gaba. Ilu ya fara murmushi, na dube shi, ya haɗiye.

Yanzun nan bakina ya ɗauko wata. Na ce wa Mushe ya rubuta, “In kuma ba ki sa ba,” sai ya ɗaga alƙalami ya tsaya yana kallona. Na ji inda maganar za ta, na tsayar da ita. Ba zan sake ɗora miki irin wannan kalma ba, ko a kan alheri. Ba umarni nake ba ki ba. Roƙo nake, ni Sanda da ban taɓa roƙon kowa ba a garin nan. Ki sa safar. Ki kuma yafe mini shekara biyun nan, in kina iyawa. Ba sai kin faɗa da baki ba, na san nauyinsa tsakanin ɗiya da uba. In lambobin nan uku suka shigo wayar Mushe, na ji amsa.

Allah ya tsare ki fita da shiga. Allah ya riƙa miki ƙafafunki har tsufa, ya sa ki taka su ki dawo mana Maraɗi lafiya. Allah ya yi miki albarka, ya yi miki albarka, ya ƙara yi miki albarka. Amin.

Na ce wa Mushe kada ya kashe wayarsa.

Mahaifinki,
Sanda mai garka